Kyautar da ta dace da mai nutso a ƙarƙashin teku

Wanda yake da ɗan'uwa ko aboki da ya kamu da son nutso a teku da tukunyar iska a bayansa, wata rana zai tsaya yana tunanin abin da zai saya masa na kyauta, ko don ya kammala wani horo, ko don zai yi tafiya, ko kuma don zumunci kawai. Shagunan kayan nutso, na bakin titi da na intanet, cike suke da abubuwa masu ɗaukar ido, kuma wanda bai taɓa sa fuskarsa a ruwan gishiri ba zai ɗauka duk abin da ya saya zai yi. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina shiga Bahar Maliya ta ɓangaren Masar shi ne, kafin a tambayi farashin komai sai an fara sanin abu biyu: irin ruwan da mutumin yake shiga, da matakin horon da ya kai. Mai yawo a kan duwatsun murjani, da mai leƙa jiragen da suka nutse, da mai shiga kogon da ruwa ya cika, duk tukunya iri ɗaya suke goyawa, amma haɗarin da ke jiran kowannensu daban ne. Na farko babban tsoronsa igiyar ruwa ta raba shi da jirgin da ya kawo shi, na biyu tsoronsa wani abu ya sarƙe shi, na uku kuwa tsoronsa ya rasa hanyar fita. Kyautar da za ta amfani kowannensu ita ce wadda ta dubi wannan tsoron nasa.

Akwai kayan da bai kamata a saya wa mutum a bayan idonsa ba, komai kyawun niyya. Na farkonsu gilashin fuska ne, domin fuskoki ba ɗaya suke ba, kuma gilashin da ya zauna daram a fuskar wani zai riƙa shigar wa wani da ruwa ta gefen hanci har ya hana shi sakat. Yadda ake gwada shi a shago abu ne mai sauƙi: mutum ya ɗora shi a fuska ba tare da ya ɗaura maɗaurin ba, ya ɗan ja numfashi ta hanci, ya saki hannu, in ya manne bai faɗi ba, to ya dace da shi. Wannan gwaji ba a yi wa mutum shi da fuskar wani. Haka rigar roba mai hana sanyi, wadda in ta yi yawa ruwa zai riƙa yawo a cikinta ya tafi da ɗumin jiki, in ta yi kaɗan kuma ta matse ƙirji ta wahalar da numfashi. Ita kuwa na'urar shaƙar iska, wadda Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙirƙiro a Faransa a 1943, rayuwar mutum ce ke rataye da ita, kuma bakinta da ake haɗawa da tukunya iri biyu ne, akwai mai shiga da murɗi, akwai mai rungumar kan tukunyar daga waje. Mai nutso ya san wanda yake so da dalilinsa. In har mutum ya ƙudurta sai ɗaya daga cikin waɗannan zai bayar, ya kama hannun mai shi su tafi shagon tare, ya zaɓa, shi kuma ya biya.

Ga mai nutso a kan murjani, wanda shi ne mafi yawan waɗanda za mu haɗu da su, ban san kyautar da ta fi doguwar balan-balan ta alama ba, tare da kwarkwaron zarenta. Leda ce mai kauri, ruwan lemo ko ja, tsawonta ya kan wuce mita 1, ana naɗe ta a sa a aljihu ba ta cin wuri. Idan nutso ya zo ƙarshe, mutum yana tsaye a zurfin mita 5 yana jiran mintuna 3 da ake yi kafin a fito, sai ya warware ta, ya ɗan hura mata iska, ya sake ta; tana tashi iskar cikinta tana ƙara kumbura saboda raguwar matsin ruwa, zaren yana zubowa daga kwarkwaron da ke tsakanin yatsunsa, har ta fasa saman ruwa ta miƙe tsaye. Daga wannan lokaci direban ƙaramin kwalekwale ya san inda mutanensa suke, kuma sauran jirage masu farfela sun san akwai mutum a ƙasa, su kauce. Wanda bai taɓa shawagi a tsakiyar teku ba zai yi wuya ya gane yadda kan ɗan Adam yake ɓacewa a tsakanin raƙuman ruwa; daga nisan 'yan ɗaruruwan mitoci ba a ganinsa sam, balle in rana ta karkata tana haska ruwan. A wurare irin su Ras Muhammad, a ƙarshen tsibirin Sina'i, inda Masar ta kafa gandun kare halittun ruwa a 1983, igiyar ruwa na iya ɗaukar mutum ta kai shi nesa da inda ya shiga cikin ɗan lokaci. Abin da ya faru da Tom da Eileen Lonergan, mata da miji 'yan Amurka, har yau ana ba da labarinsa a ajin koyon nutso: a watan Janairu na 1998 jirgin da ya kai su babban shingen murjani na Ostireliya ya koma gida ba tare da su ba, ba a lura ba sai bayan kwana 2, kuma ba a sake ganinsu ba. Saboda haka in za a haɗa wa mutum ƙunshi, a sa masa balan-balan, da usur mai ƙara, da ƙaramin madubi na haska wa jirgi hasken rana. Wanda yake da hali ya ƙara da na'urar Nautilus LifeLine, wadda in an buɗe ta a saman ruwa take aika wa jiragen da ke kusa bayanin daidai wurin da mutum yake. Abu ɗaya nake roƙo: wanda aka ba balan-balan ya gwada sakinta a ruwa marar zurfi tare da malami, domin in zaren ya naɗe masa a yatsa ko a kaya, za ta ja shi sama da gudu, kuma saurin fitowa shi ne abin da ake gudu.

Tocila ma kyauta ce mai daɗi ga mai murjani, ko da ba ya nutson dare. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya, ja ne yake fara tafiya tun a mitocin farko, sannan ruwan lemo, sannan rawaya, har a zurfin mita 20 komai ya koma shuɗi da toka-toka. Idan aka haska ƙaramar tocila a ƙarƙashin wani dutse da ake gani fari-fari, sai ga jan murjani mai laushi da shunayya da ƙananan jatan lande sun bayyana a inda ido ya wuce bai ga komai ba. Mutum zai daɗe yana tuna wanda ya ba shi wannan.

Sai dai a nan ne kuma ake yawan yin kyautar da ke cutar da wurin da ake ƙauna. Murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina gidajensu na farar ƙasa a hankali, wasu irinsu ba sa ƙara fiye da santimita 1 ko 2 a shekara, kuma taɓawar hannu kaɗai na iya share musu majinar da ke kare su daga cuta. Shi ya sa tsibirin Bonaire a yankin Karibiyan ya hana masu nutso sa safar hannu a gandunsa na ruwa, domin an lura cewa wanda hannunsa yake a rufe ya fi saurin dafa abin da bai kamata ya dafa ba. Don haka safar hannu ba kyautar mai murjani a ruwan ɗumi ba ce. Man kare fata daga rana ma sai an duba abin da ke cikinsa. Jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da masu ɗauke da sinadaran oxybenzone da octinoxate tun daga farkon 2021, ƙasar Palau kuma ta riga ta da shekara 1, saboda illar da ake ganin suna yi wa murjani. Doguwar riga marar nauyi mai dogon hannu, irin wadda ake sawa a ruwa, ta fi man amfani, tana kare fata daga rana da harbin wasu halittun ruwa, kuma ga 'yan'uwa mata da ke son suturta jiki akwai masu haɗe da hula. Abin da ya fi damuna shi ne busasshen murjani da manyan katantanwa da ake jerawa a wasu kasuwannin bakin teku a matsayin tsaraba. Mai nutso na gaskiya ba zai ji daɗin a ba shi gawar abin da yake biyan kuɗi don ya gani da rai ba, kuma a Masar doka ta hana ɗaukar su daga ruwa ko fita da su daga ƙasar. Littafin hotunan kifaye da sunayensu na tekun da mutum yake zuwa ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Babbar kyauta, wadda 'yan'uwa za su iya haɗa kuɗi su saya, ita ce kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Don a gane darajarta sai an san abin da ke faruwa a jiki. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa, ta yadda a mita 30 ya ninka sau 4. A wannan matsi iskar naitirojin da ke cikin numfashi tana narkewa a jini da tsoka, kuma in aka daɗe ko aka fito da sauri, sai ta zama kumfa a cikin jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko abin da ya fi haka. Jadawalin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, ya yarda mutum ya yi mintuna 56 a zurfin mita 18, amma a mita 30 mintuna 20 kacal. Kwamfutar tana bin zurfi da lokaci daƙiƙa bayan daƙiƙa, tana nuna mintunan da suka rage, tana yin ƙarar gargaɗi in mutum yana tashi da sauri, tana tuna nutson safe idan aka koma na rana, har ta ƙirga sa'o'in da za a jira kafin hawa jirgin sama. Kamfanoni irin su Suunto na Finlan, da Shearwater na Kanada, da Mares da Cressi na Italiya, da Garmin, duk suna yin su, daga masu sauƙin kuɗi zuwa masu tsada. Shawarata a nan ita ce a fifita wadda lambobinta suke da girma, ana karanta su da kallo ɗaya a ruwa mai duhu, kuma tana karɓar lissafin iska mai ƙarin oksijin, a kan wadda ta fi kyau a hannu. Ga sabon mai nutso, mai sauƙin ta wadatar na shekaru.

Mai son jiragen da suka nutse wani irin mutum ne, rabinsa mai nutso, rabinsa mai son tarihi, kuma Bahar Maliya ta tanadar masa abin kallo. SS Thistlegorm jirgin dakon kaya ne na Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka jefa wa bam a ranar 6 ga Oktoba, 1941, yana ɗauke da kayan soja, mutum 9 suka mutu, kuma yana kwance a zurfin kimanin mita 30. Har yau babura ƙirar BSA da Norton suna jere a cikin rumbunansa, ga manyan motoci ƙirar Bedford, ga takalman roba, ga kawunan jirgin ƙasa 2 da ƙarfin fashewar ya wurga gefe. A kudu kuma, dab da Port Sudan, garin da Hausawa da yawa suka daɗe da zama, akwai Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar da hannunsu a watan Yuni na 1940, lokacin da ƙasarsu ta shiga yaƙi, don kada Turawan Ingila su ƙwace kayansa, da suka haɗa da bama-bamai kimanin 360,000 da motocin Fiat. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya ƙwarai, Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Jirgin da ya nutse gida ne na kifaye, inda kifaye suke kuwa masunta suna zuwa, don haka zaren fatsa da yagaggun taru suna rataye a jikinsa, ban da wayoyinsa da suka saki. Zaren fatsa ba a ganinsa a ruwa, sai dai mutum ya ji wani abu ya riƙe shi ta bayan tukunya, inda hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi. Mutane da yawa in sun tashi yin kyauta sai su sayi doguwar wuƙa mai kube da ake ɗaurawa a ƙwauri, domin ita suka saba gani a hotuna. Ƙwararru sun fi son ƙaramin mayanki mai siffar ƙugiya, wanda reza ke ɓoye a cikinsa, irin na Eezycut Trilobite, ko almakashi irin na ma'aikatan asibiti, a maƙala su a ƙirji ko a ɗamara, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Da irin wannan mayanki ana saƙala zaren a ja sau ɗaya ya tsinke, ba tare da haɗarin huda rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa ko yanke tiyon numfashi ba, kuma kuɗinsa bai kai na doguwar wuƙar ba. A saya guda 2, domin abin yanka ɗaya yana iya suɓucewa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A nan safar hannu tana da gurbi, saboda tsatsattsen ƙarfe yana yanka, haka ma hular roba da ke kare kai. Tocila kuwa ga wannan mutum ta wuce abin kallon launi, ya kamata ta zama mai ƙarfi, mai siririn haske da zai ratsa duhun rumbu, da wata ƙarama ta ko-ta-kwana. 'Yan Najeriya ba za su manta da Harrison Okene ba, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekun ƙasar a watan Mayu na 2013. Ya yi kusan sa'o'i 60 a cikin 'yar iskar da ta maƙale a wani ɗaki a zurfin kimanin mita 30, hasken tocilar mai nutson da ya shigo neman gawa ya gani ya miƙa hannu, kuma bayan an ceto shi sai da ya yi fiye da kwana 2 a ɗakin matsin iska, inda ake rage wa mutum matsi a hankali, kafin jikinsa ya iya jure iskar waje.

Wani abin da zai faranta ran mai jirage shi ne allon roba mai zanen jirgin da zai ziyarta, da kyakkyawan littafin tarihinsa, domin wanda ya san inda bam ya faɗa da abin da kowane rumbu ya ɗauka yana kallo da wani ido daban. Amma kada a ba shi guduma ko ƙarfen ɓamɓara ko jakar ɗago kaya da nufin ya kawo tsaraba daga ƙasa. Thistlegorm ya sha wahala a hannun masu wannan hali, an cire wa motocinsa da baburansa sassa da yawa, alhali wuri ne da mutane suka rasa rayukansu.

Idan aka zo kan kogo, maganata tana canzawa, kuma ina so a saurare ni da kyau. A buɗaɗɗen teku, in komai ya lalace, sama tana nan, mutum zai iya tashi a hankali ya sami iska. A cikin kogo dutse ne a sama, hanyar fita ita ce hanyar shiga, wani lokaci ɗaruruwan mitoci a baya. Kogunan ƙarƙashin ƙasa na yankin Yukatan a Meziko, inda aka gano a 2018 cewa kogon Sac Actun da na Dos Ojos a haɗe suke, tsawonsu a lokacin ya kai kilomita 347, ruwansu garau yake har mutum ya ji kamar a iska yake shawagi, kuma wannan kyawun ne yake yaudara. Bugun ƙafa ɗaya da bai dace ba yana tayar da lakar da ta kwanta a ƙasa, ta turnuƙe wurin kamar hazon hunturu, ta yadda ko hannunsa mutum ba zai gani ba, tocila kuma ba ta ratsa ta. Sheck Exley, Ba'amurken da ya yi suna a wannan fanni, ya bi diddigin mace-macen da aka yi a koguna ya fitar da sakamakon a 1979, kuma daga aikinsa da na waɗanda suka biyo baya aka tsayar da dokokin da ake koyarwa har yau: kada a shiga ba horo, a riƙe zare marar yankewa daga bakin kogo har inda aka kai, a kashe kashi 1 cikin 3 na iska wajen shiga a bar 2 don dawowa da taimakon abokin tafiya, kada a wuce zurfin da iskar da ake shaƙa ta yarda, kuma kowa ya riƙe tocila 3. A bakin koguna da yawa na Meziko da jihar Florida akwai allon gargaɗi a cikin ruwa da ke gaya wa wanda ba shi da horo ya tsaya nan.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, kyauta tana iya zama gayyata. Wanda yake da shaidar matakin farko kawai, wadda iyakarta mita 18 a buɗaɗɗen ruwa, in aka ba shi babbar tocilar kogo da babban kwarkwaro, an sa masa a rai cewa ya isa ya leƙa, alhali kaya ba sa koyar da komai. A Dahab ta Masar akwai wani rami a cikin teku mai zurfin fiye da mita 100 da ake kira Blue Hole, a jikinsa akwai wata ƙofar dutse a zurfin kimanin mita 55 da ke fita zuwa teku, nesa da iyakar mita 40 da aka sa wa masu nutson nishaɗi. A jikin dutsen da ke bakin hanya an kafa allunan tunawa da waɗanda suka mutu a wurin, da sunayensu da shekarunsu, wasu da hotuna, kuma da yawa daga cikinsu matasa ne. Duk wanda ya tsaya ya karanta su ba zai sake ɗaukar zancen iyaka da wasa ba. Ko ƙwarewa ma ba ta kawar da haɗarin gaba ɗaya: a aikin ceto yara 'yan ƙwallo 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na Tailan a 2018, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa, ya rasu a hanyar dawowa bayan ya kai tukwanen iska ciki.

Shi kuwa wanda ya riga ya sami horon kogo, yi masa kyauta ba ta da wuya, domin kayansa ƙanana ne kuma kullum suna ƙarewa ko suna ɓata. Akwai ƙananan kibiyoyin roba da ake saƙalawa a jikin zare suna nuna hanyar fita, da wasu masu siffar da'ira da mutum yake sawa don ya shaida inda ya bi. In aka sa aka rubuta masa sunansa a kansu, ko aka yi musu wani tsagi da zai gane da taɓawa a cikin duhu, an yi masa abin da zai yi amfani da shi a kowace shiga. Akwai ƙananan kwarkwaro na tsallakawa daga wani zare zuwa wani da na neman zare in ya ɓace, da tocilar ko-ta-kwana mai sauƙin kunnawa, da littafin rubutu na cikin ruwa da fensirinsa, da maƙalai na ƙarfen da ba ya tsatsa masu buɗewa da babban yatsa. A kula da wannan na ƙarshe, domin maƙalin da bakinsa ke buɗewa da kansa in an danna shi yana iya cafke zare ba da sanin mutum ba, shi ya sa masu kogo ba sa yarda da shi. Mutane ne masu tsananin ra'ayi a kan kayansu, kuma suna da hujja, saboda haka tambayar abokin nutsonsa a asirce ta fi dogara da zaɓin mai shago.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da kowane mai nutso zai yi murna da su, ko wane ruwa yake shiga: ɗan akwati mai ɗauke da zobban roba na bakin tukunya, da maɗaurin gilashi da na takalmin iyo na canji, da robar baki, da man silikon, domin zoben roba ɗaya da ya tsage yana iya hana mutum nutson da ya yi doguwar tafiya dominsa. Sai jaka marar shan ruwa ta waya da fasfo, da babban tawul mai hula da ake zurawa a canza kaya a cikinsa cikin sutura a kan jirgi mai cike da jama'a, da gorar ruwa, domin iskar tukunya busasshiya ce kuma ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon kumfa.

Kyautar da na fi girmamawa ba ta shiga kwali. A biya wa mutum kuɗin horon amfani da iska mai ƙarin oksijin, wadda ke tsawaita lokacinsa a zurfi irin na Thistlegorm, ko horon daidaita nauyi a ruwa, wanda shi ne yake hana ƙafa karya murjani da tayar da laka, ko horon ceto, wanda amfaninsa yake komawa ga duk wanda ya shiga ruwa tare da shi. A biya masa kuɗin kai na'urar shaƙar iskarsa wurin ƙwararren mai gyara a lokacin da kamfanin ya ƙayyade, abin da mutane da yawa suke ɗagawa saboda ba sa ganin wata matsala a fili. Ko a saya masa inshorar shekara daga ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Amurka a 1980 don taimakon masu nutso, domin jinya a ɗakin matsin iska, irin waɗanda ake da su a Sharm el-Sheikh da Hurghada na Masar, tana da tsada sosai, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso. Kafin a biya kowanne, a nemi ganin katin shaidarsa, a kai aka rubuta matakin da ya kai, daga nan za a san horon da ke gaba. In kuma kaya aka saya, a haɗa masa da rasit don ya iya canzawa, a kuma tuna masa cewa a filin jirgin sama batiran tocila masu litiyom a jakar hannu ake sa su, mayanki da almakashi kuwa a babban akwati.